Ɗaya Cikin Goma: Tawakkali Ne Ko Ciniki Da Allah?

A wannan fitowar ina so in ɗan kauce wa maganar kwata da wutar lantarki da muka saba yi, in kawo wata tambaya da ta daɗe tana ci mini rai. Tambayar ta kuɗi ce, kuma ta imani ce, a wurin wata abokiyar cinikina Kirista kuwa na samo ta. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da yadda Kirista suke fitar da zakkarsu? Ka yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe, za ka ga inda ruwan namu yake.

Waɗanda suka san ni sun san sarin citta nake yi. Ina saye a hannun manoma na wajen Kagoro da Kwoi, in tara, in yi lodi zuwa Dawanau a Kano. Duk mai wannan sana'a ba zai manta da daminar 2023 ba. Cuta ta faɗa wa citta tun daga Kachia har Jaba da Kagarko da nan ƙasar Jama'a. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa, manomi ya tona kunya ya tarar da taɓo mai wari. Shekarar kuwa ita ce wadda aka fara da wahalar canjin kuɗi, aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, komai ya tashi. Mutane da yawa ko irin da suka binne ba su mayar ba.

Akwai wata dattijuwa daga wani ƙauye a bayan Kagoro da muka fi shekara goma muna hulɗa. Mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki. A shekara mai kyau takan kawo mini busasshiyar citta buhu hamsin ko sittin. A waccan shekarar bakwai ta kawo, ga kuma bashin kuɗin taki da na ba ta tun farkon damina. Da muka gama awo na ƙirga mata kuɗinta, sai ta ce, "Alhaji, fara cire na takinka tukuna." Na cire. Abin da ya rage ta zauna a kan benci ta kasa shi kashi goma, ta ɗauki kashi ɗaya ta naɗe a wata leda daban, ta ƙulle a bakin zani.

Na ce, "Mama, wannan fa?"

Ta ce, "Na Ubangiji ne."

Na ce, "Haba Mama, har bana ma? Ai Allah ya ga abin da ya sami gonar. Ga yara, ga kuɗin makaranta, ga iri zai yi tsada baɗi."

Sai ta yi dariya ta ce, "Alhaji, shekarar da na kawo maka buhu sittin ban tambaye shi dalili ba. Yanzu da ya ba ni bakwai sai in ce ya zo ya yi mini bayani?"

Na ce, "To in kin bayar, zai ninka miki baɗi?"

Ta ce, "Oho. Wannan shi ya sani. Ni dai na san nawa ya ba ni, na kuma san nawa ne nasa a ciki."

Ta ɗauki jakarta ta tafi neman mota. Ni kuwa ta bar ni da tambayar da har yau nake juyawa: abin nan da ta yi, dogaro ga Allah ne, ko kuwa rashin lissafi ne aka sa wa rigar addini?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san abin da take yi a yadda su suka fahimce shi, don da yawanmu mun girma tare da Kirista a garin nan amma ba mu taɓa tambaya ba. Yawancin majami'un ƙasar nan da Hausa suke sujada, tun da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, shi ya sa kalmomin nasu ba baƙi ba ne a kunnenmu. Kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu suna ce masa zakka, wasu su ce ushiri. Abin da mutum ya ƙara don ransa kuma, kamar wanda ake sakawa a kwano ranar Lahadi, shi ne baiko. Bayan kaka akwai ranar godiya, inda za ka ga an shigo coci da damin dawa, buhun masara, doya, acca, har da akuya. Asalin ushirin suna kai shi ga Annabi Ibrahim, wanda littafin Farawa ya ce ya ba wani firist mai suna Malkisadik kashi ɗaya cikin goma na ganimar da ya samo. Daga nan ya shiga shari'ar Annabi Musa. Wurin da aka fi karantawa a kan mumbarinsu shi ne littafin Malakai sura ta 3, inda aka tuhumi Bani Isra'ila da tauye wa Allah hakkinsa, aka ce su kawo ushirin cikakke su ga ko ba za a buɗe musu taskar sama ba.

Da wannan kuɗin, da guminsu, suka gina mafi yawan majami'un da muke gani daga nan har Zonkwa. Cocin ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM ta tsaya da ƙafarta a 1954, da abin da mabiyanta ke bayarwa take ciyar da fastocinta na ƙauye. Duk wanda ya ga yadda 'yan Zumuntar Mata ke tara kwano-kwano na hatsi idan an yi wa ɗayarsu rasuwa ya san abin ba wasa ba ne.

Su kansu kuma ba bakinsu ɗaya ba a kan maganar. Akwai masu cewa ushiri wajibi ne har gobe. Akwai masu cewa doka ce ta zamanin Annabi Musa, kuma abin da manzonsu Bulus ya koyar a wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa shi ne kowa ya bayar gwargwadon abin da ya ƙudura a zuciyarsa, da fara'a, ba don an matsa masa ba. Cocin Katolika ba ta ɗora wa kowa kashi goma a matsayin doka, cewa take yi kowa ya taimaki ikkilisiya daidai ƙarfinsa. A 2017 muhawarar ta yi zafi a ƙasar nan lokacin da wani ma'aikacin rediyo na Legas, Daddy Freeze, ya dinga sukar fastocin da ke karɓar ushirin talakawa suna hawa jirgin sama na kansu. A watan Oktoba na 2024 kuma Fasto Enoch Adeboye, shugaban cocin Redeemed, ya fito ya nemi gafarar mabiyansa a kan maganar da ya taɓa yi cewa wanda ba ya ba da ushiri ba zai shiga aljanna ba, ya ce wannan ba ya cikin littafinsu. Ba ni ne zan raba musu gardama ba, ba hurumina ba ne. Na kawo wannan ne don mu san tambayar da nake yi su ma suna yi wa kansu.

To mu dawo gida. Mu ma ai muna da ɗaya cikin goma. Duk ɗan makarantar zaure da ya karanta Risala ya san amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ushuri ake fitarwa, wanda aka sha wahalar ban ruwa kuma rabin ushuri, wato ɗaya cikin ashirin, idan ya kai nisabi na wusuƙi biyar, sa'i 300 kenan. Kuɗi da kayan kasuwa ɗaya cikin arba'in ne, idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. A naira miliyan ɗaya, dubu ashirin da biyar kenan. Bambancin da ke tsakaninmu da su a nan babba ne, kuma ya kamata a faɗe shi: mu an sa mana nisabi, wanda bai kai ba babu komai a kansa, shi ne ma za a ba. Da dattijuwar nan Musulma ce, a waccan shekarar mai yiwuwa cikin masu karɓa za ta kasance. Wannan rahama ce da nake gode wa Allah a kanta.

Amma rahamar nan da yawanmu mun mayar da ita mafaka. Na sha zama a majalisa ana muhawara wai ai citta ba ta cikin abin da ake fitar wa zakkar gona a mazhabar Malikiyya, tunda ba hatsi ba ce. Gaskiya ne haka malamanmu suka tafi, ko da yake Imamu Abu Hanifa yana ganin kusan duk abin da aka noma a fitar masa. Sai dai mai kawo wannan hujjar ba ya ƙarasa karatun, ba ya faɗin cewa kuɗin da aka sayar da cittar, in sun kai nisabi suka shekara, zakka ta hau kansu, balle mu 'yan sari da citta take a matsayin hajar kasuwa a hannunmu. Mun iya ƙofar fita, ba mu iya ta shiga ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yanzu ga hujjar mai cewa dattijuwar nan wauta ta yi, kuma hujjar tana da ƙarfi, kada mu raina ta. Zai ce: Allah mawadaci ne, ba ya bukatar kuɗin kowa. Matar nan tana da marayu a gabanta. Kashi ɗayan da ta ƙulle a zani zai iya zama kuɗin zangon karatu guda na yaro, ko ya sayi irin da za ta shuka. Ta ɗauka ta kai inda ba ta da iko da yadda za a kashe shi. In ta rasa iri baɗi, wurin wa za ta zo? Wurin Alhaji, ta sake cin bashi. Ashe kenan da kuɗin Alhaji take tawakkalinta.

Na daɗe ina ganin wannan magana ba ta da amsa. Abin da ya sauya mini tunani shi ne da na tuna tsarin da ta bi a kan bencin nan. Ba ta taɓa kuɗin ba sai da ta ce in cire bashina. Ba ta ba Allah abin da yake nawa ba. Sannan ba ta ɗiba da ka ba, sai da ta ƙirga ta kasa. Kashi tara ta riƙe wa gidanta, ta san abin da za su yi mata da abin da ba za su yi ba. Da na tambaye ta sakamako kuma ba ta ce an yi mata alkawarin buhu ɗari ba. A cikin waɗannan abubuwan, ina ganin, bambancin tawakkali da kishiyoyinsa yake.

Mu fara da maganar sakamako, don nan ne aka fi zamewa. Akwai wani salon wa'azi da ya yaɗu a wasu majami'u, musamman na birane, wanda ake ce wa shuka iri: ka kawo dubu goma, Allah zai mayar maka da dubu ɗari kafin wata ya ƙare. Na san wani yaro ɗan acaɓa, Kirista, mai ladabi, da ya ɗauki kuɗin da zai biya mai babur na wata guda ya kai wurin wani taron wa'azi a kan za a ninka masa. Wata ya ƙare, mai babur ya karɓe abinsa. Yaron nan har ya daina zuwa coci, yana cewa an yaudare shi. Kafin wani ya yi murmushi, mu tuna namu. Wani ɗan uwana na jini ya ci bashin jari, maimakon ya sa a kasuwa sai ya kai wa wani mai duba da ya ce a yanka farin rago, a kawo turare na kaza da ƙyalle na kaza, buɗi zai zo cikin kwana arba'in. Kwana arba'in ɗin sun yi, masu bashi ne suka zo. Da ɗan acaɓan da ɗan uwan nawa abu ɗaya suka yi. Sun ɗauki Allah kamar wani babban dillali, ka ba shi kaya yau ka karɓi riba gobe.

Wannan tunanin ne ya sa MMM ta ci mutane a 2016. Ku tuna ai ba da sunan kasuwanci ta zo ba, da sunan taimako ta zo: ka taimaki wani yau, a taimake ka da ƙarin kashi 30 cikin ɗari bayan wata. A watan Disamba na shekarar aka rufe asusun jama'a. A 2025 CBEX ta sake yin irin wannan ɓarnar. Musulmi da Kirista duk sun shiga, har da masu wa'azi a ɓangarorin biyu. Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma ba ya tambayar addinin mutum kafin ya shige shi.

Wani zai ce, to ai Alƙur'ani da kansa ya yi alkawarin ninki. A cikin Suratul Baƙara an kwatanta mai ciyarwa don Allah da ƙwayar da ta fitar da zangarniya bakwai, kowace da ƙwaya ɗari. Hadisi kuma ya tabbata cewa sadaka ba ta rage dukiya. Haka ne, kuma mun yi imani da shi. Kirista ma ga abin da ke cikin Malakai. Amma a cikin alkawarin nan ba a sa rana ba, ba a ce a naira za a biya ba, ba a ma ce lallai a duniya ba. Mai alkawarin shi ya san lokacin da zai cika, ya san kuma da me. Wani a ba shi lafiya, wani a shirya masa 'ya'ya, wani a kare shi daga asarar da bai ma san ta nufo shi ba, wani a ajiye masa sai can. Wanda ya bayar sannan ya zauna yana duba waya ko kuɗi sun shigo, bai miƙa al'amarinsa ga Allah ba, sharaɗi ya gindaya masa. Ranar da sharaɗin bai cika ba kuwa imanin ne zai tafi, kamar yadda na ɗan acaɓan nan ya tafi.

Bari in faɗa muku ƙarshen labarin dattijuwar, don kada a ɗauka irin labarin nan ne da ake ƙarewa da mota da gidan bene. Shekarar da ta biyo baya irin citta ya yi tsadar da ba ta iya saye ba. Ɗan kaɗan ta shuka, sauran gonar ta sa masara da waken soya. Har yau ba ta koma buhu sittin ba. Kuma har yau, in ta sayar da abu a wurina, sai ta zauna a bencin nan ta kasa goma. Wannan ne ya tabbatar mini ba ciniki take yi ba, don ɗan kasuwa ba ya ci gaba da zuba jari inda bai ga riba ba shekara biyu.

Sai maganar hakkin mutane. Bayarwa tana da daɗi, musamman a bainar jama'a, inda za a kira sunanka a lasifika. Biyan bashi kuwa ba mai yi maka tafi. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi alkawarin buhun siminti hamsin a gidauniyar masallaci, alhali lebura na bin sa kuɗin dako na sati uku, matarsa kuma ta gaji da cin bashin mai shago. Wannan kyauta da kayan wani ce. Lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya ya nemi ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya tsayar da shi a kashi ɗaya cikin uku, ya nuna masa ko hakan ma da yawa, kuma barin magada a wadace ya fi a bar su suna roƙo. A nasu littafin ma, cikin Matiyu sura ta 23, Annabi Isa (AS) ya zargi malaman zamaninsa da cewa suna fitar da ushirin 'yan ganyayyakin miya amma sun watsar da adalci da jinƙai. Bulus kuma ya yi magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da iyalinsa. Ka ga ko ta wane ɓangare ka duba, ba a yarda ka tsallake wanda ke da hakki a kanka ka tafi neman suna a wurin Allah ba.

Na san za a kawo mini Sayyidina Abubakar, wanda ya kawo dukiyarsa duka, da aka tambaye shi abin da ya bar wa iyalinsa ya nuna Allah da Manzonsa ya bar musu. Kirista su ma suna da labarin matar da mijinta ya mutu, wadda ta jefa 'yan anini biyu a akwatin Haikali, aka ce ta fi attajirai bayarwa don iyakar abin da take da shi kenan. Waɗannan labaran gaskiya suna nuna ƙololuwar da ɗan Adam zai iya kaiwa. Sai dai mu lura, Sayyidina Abubakar ɗan kasuwa ne da ya san hanyar kasuwa, gobe zai fita nema, kuma iyalinsa irin zuciyarsa gare su. Ba wanda ya tsaya a kansa da lasifika yana cewa kawo duka. Matar nan ma ba wanda ya ce mata za a ninka mata. Idan mai wa'azi ya ɗauki irin wannan labarin ya ɗora wa talaka don ya zazzage aljihunsa, shi kuma ya tafi gida a mota mai sanyi, to labarin ya zama tarko a hannunsa.

Abu na ƙarshe shi ne ya fi taɓa ni, don a nan na ga aibina. Ba za ka iya fitar da ɗaya cikin goma ba sai ka san goman. Dattijuwar nan ba ta yi boko mai zurfi ba, amma ta san abin da ya shigo hannunta har na sisi, saboda tana da wanda za ta yi wa bayani. Ni kuwa, da nake juya kuɗin da ya ninka nata sau da yawa, shekara da shekaru ban taɓa zama na yi lissafin zakkata yadda shari'a ta ce ba. In azumi ya zo sai in ɗebi wani abu in rarraba, in sayi 'yan turamen atamfa, in ce ai na fitar. Ko ya kai, ko bai kai ba, ban sani ba, kuma a gaskiya ba na so in sani. In aka yi mini maganar rubutu da littafin shiga da fita sai in ce ai arziki na Allah ne, mu tawakkali muka riƙe.

Wallahi wannan ba tawakkali ba ne, tsoro ne. Tsoro nake kada in ƙirga in ga abin da ya wajaba a kaina ya fi abin da raina ke so ya bayar. Malamanmu kuwa ba su bar mu cikin duhu ba. Sun ce ɗan kasuwa iri biyu ne. Mai juya kaya kullum, kamar mai shago, zai sa wa kansa wata guda a shekara, ya yi wa hajarsa kuɗi, ya haɗa da tsabar da ke hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya cire wanda ake bin sa, ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Mai ajiye kaya yana jiran farashi kuma, kamar masu tara citta a sito, zai fitar lokacin da ya sayar, idan shekara ta riga ta cika. Duk wannan lissafi ne. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, ai ce masa aka yi ya ɗaure sannan ya dogara. A harkar kuɗi, littafin lissafi shi ne igiyar.

Da na fara yi, shekara biyu kenan, abubuwa biyu suka bayyana. Na farko, abin da nake bayarwa da bai kai rabin abin da ke kaina ba. Na biyu, na gano inda kuɗina ke zurarewa: bashin da na manta, da kashe-kashen da ba su da dalili. Ba zan ce muku na yi arziki saboda haka ba. Abin da zan iya cewa shi ne barcina ya fi na da. Wanda ya ɗauka dukiyar tasa ce, shi ke gadinta dare da rana, in ta ragu kamar an yanki namansa. Wanda ya san ajiya aka ba shi, aikinsa ya kula da ita, ya ba kowa hakkinsa, sauran kuma na mai ita ne. Ina jin abin da ya sa dattijuwar nan ta iya dariya da buhu bakwai kenan, ni kuwa a shekarar nan ko murmushi da ƙyar nake yi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayin unguwa. Kakannin da yawanmu jirgin ƙasa ne ya kawo su, tun da Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, wasu kuma sun riga jirgin zuwa ƙasar Jama'a. Mun ga 1987, mun ga 1999, mun ga Afrilun 2011 lokacin da kasuwa ta ƙone, Musulmi da Kirista suka wayi gari ba jari. Tun daga nan kowa ya ja jikinsa, har alherinmu ya koyi tsayawa a bakin iyakar unguwa. Zakka dai tana da mutanenta takwas da Suratut Tauba ta lissafa, ba mai sauya wannan. Amma sadaka da kyauta da hakkin maƙwabci ba a sa musu wannan iyakar ba. Su ma a littafinsu na Maimaitawar Shari'a an ce ushirin kowace shekara ta uku a ajiye shi a cikin gari don Balawe da baƙo da maraya da matar da mijinta ya mutu. Baƙo fa aka ce. Mu da aka daɗe ana kira baƙi a ƙasar da aka binne cibiyarmu, ya kamata mu san daɗin wannan kalma, mu kuma zama na farko da za su miƙa hannu ga wanda ba namu ba idan wahala ta same shi. Cutar citta ba ta tambayi gonar wa take ci ba.

Ba ina cewa mu koma fitar da kashi goma na albashi ba. Addininmu ya riga ya tsara mana namu, kuma ya ishe mu in mun bi shi. Abin da nake roƙon kaina da ku shi ne kaɗan. Kowane mai sana'a a unguwar nan, daga mai shago a bakin tasha har mai sayar da ƙosai da ke adashi, ya sayi littafi ya fara rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Mai jari ya zaɓi watansa na zakka, ya je wurin malamin da ya san fiƙihu, ba mai duba ba, su zauna su yi lissafi. Wanda ake bin sa bashin da lokacinsa ya yi, ya fara da shi kafin gidauniya. Wanda bai kai nisabi ba kada ya ji kunya, ya yi sadaka daidai ƙarfinsa, ko da loma ce. Idan kuma an bayar, a bar wa Allah lokacinsa. A unguwar nan muna da marayu, muna da tsofaffin ma'aikatan reluwe da fansho ba ya isar su, muna da Islamiyyar da rufinta ke yoyo. Na tabbata da a ce kowa ya fitar da abin da ke kansa daidai, da ba mu riƙa yawo da takardar neman taimako duk damina ba.

Makon jiya dattijuwar ta zo da waken soya. Da muka gama, ta ga wani littafi mai baƙin bango a kan teburina, ta ce, "Alhaji, ka koma makaranta ne?" Na ce, "E, Mama, ke kika sa ni." Ba ta gane abin da nake nufi ba, ni ma ban yi mata bayani ba, ta ƙulle ledarta ta tafi.

Allah ya ba mu halal mai albarka, ya ba mu zuciyar fitar da hakkinsa da na bayinsa, ya zaunar da garinmu lafiya. Amin.